Likkafanin Ƙyallaye

Kaka ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan ya sha kunu ya ce sukari ya yi yawa. Maganarsa ta ƙarshe ke nan, kuma ba ni na ƙirƙira ba, Inna tana wurin. Dole in faɗi haka tun farko, domin a gidanmu idan na ba da labari sai an nemi shaidu biyu. Shekarata goma sha shida, kuma tun ranar da na ce na ga dorina tana jiran taksi a bakin gada aka daina ɗaukar maganata da nauyi. Dorinar gaskiya ce, taksin ne na ƙara.

Mahaifin Innata ne. Tela ne, mutumin Damagaram, ya zauna unguwar Yantala a Yamai tun kafin a haifi Inna. Yana ce mini amarya, ina ce masa ango mai haƙori huɗu, irin wasan jika da kaka. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don abin da ya faru ranar jana'izarsa kowa ya fara ba da shi yadda ya ga dama. In dai za a sa wa labari gishiri, gara a bar wa masu sana'ar. Ni ma wannan karon kaɗan na barbaɗa.

Kafin a gama rufe shi da zane gida ya cika. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna shigowa da "fonda tilas", namu suna "ya haƙuri", takalma sun taru a ƙofa har mutum zai iya buɗe kasuwa. Wata mata daga layin baya ta yi kuka har ta faɗi. Da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, sai ta tambaya a hankali ko ya gama ɗinkinta na bikin ranar Asabar. Ya gama. Yana rataye a shago, an goge, da ɗan ƙunshin ragowar yadinta ɗaure a jiki. Da ta ga ƙunshin sai ta koma kuka, wannan karon ba faɗuwa, hawaye kawai.

Abokinsa na unguwar Gudel, wani tsoho mai lambu, bai ji labari ba. Ya zo a kan kekensa kamar kowace Talata da damin salati. Ya ga tabarmi a ƙofar gida, ya sauka, ya jingine keken, ya zauna a ƙasa riƙe da salatin, ba wanda ya iya karɓa daga hannunsa. Iya kuwa, kakata mace, tana ƙuryar ɗakinta da carbi. Da mata suka ba ta haƙuri, sai ta ce shekara hamsin tana roƙonsa ya kwashe buhunan nan daga bayan ƙofarta, ga shi ya tafi ya bar mata su.

Sai ga Kawu, ɗan farin Iya, daga biro, wato ofis, cikin farar shadda mai ƙara kamar sabuwar takarda. Kawu babban ma'aikaci ne, irin wanda ko atishawa zai yi sai ya duba agogo. Ya shiga ya ga mahaifinsa, ya fito ido jajir, ya kira direbansa ya ce ya tafi Babbar Kasuwa ya sayo farin yadi na likkafani, wanda ya fi kowanne kyau. Bayan azahar za a yi masa sallah.

Ina tsaye da buta a hannu. Na ce, "Kawu, ba sai an saya ba. Kaka yana da likkafaninsa. Shi ya ɗinka."

Ya tambaya ina yake. Na ce yana ɗinke a cikin matashin da kan Kaka yake kai yanzu, na fararen ƙyallaye ne, kuma ya ce da shi za a rufe shi. Kawu ya dube ni kamar yadda ake duban ƙuda a cikin fura. Ya ce yau ba ranar dorina ba ce, kuma ba wanda zai zare matashi daga ƙarƙashin kan mamaci ya farke a kan maganata. Inna ta ja ni gefe ta murɗe mini kunne, ta ce ko ranar mutuwa bakina ba zai huta ba. Direba ya tafi.

Na san hanyar. Zuwa da dawowa, da cunkoso, awa ɗaya ne, in an yi sa'a da rabi. Da zarar yadin ya iso aka sa masa almakashi, magana ta ƙare, a binne Kaka cikin abin da bai so ba. Na je bayan ƙofar Iya na zauna a kan buhu, inda ba mai nemana, ina neman wanda zai saurare ni. Maimakon dabara, Kaka ne ya yi ta zuwa mini a rai.

Buhunan nan su ne dukiyarsa. Kowane tela a Yamai yana da ƙyalle, amma na Kaka da izini aka tara su. In ka kawo ɗinki, ranar karɓa zai miƙa maka kayanka, sannan ya miƙa maka ragowar yadinka a ɗaure, ko da bai fi kunnen ɓera ba. Sai ka karɓa a hannunka, ya tabbata ya koma naka, sannan ya ce, "To, ka yafe mini shi?" Mutane su yi dariya su yafe. Wani direban taksi mai gaggawa ya taɓa leƙowa ta tagar mota ya ce ya yafe na bana har da na baɗi. Kaka ya ce ba a yafe abin da ba a gani ba, ya bi shi da ƙunshin har bakin titi.

Da ƙyallayen yake ɗinka wa yaran layinmu jakunkunan lakwal, wato makaranta, kyauta, da huluna, da bargon jarirai. In ka tsaya a ƙofar firamaren unguwarmu da safe, za ka ga zanen bikin uwar wani yana tafe a bayan ɗan wata. Shi kansa rigarsa ta Juma'a launi ashirin da bakwai ce, na ƙirga. In ya nufi masallaci sai ka ce rumfar masu atamfa ce ta fito yawo. Wannan riga ita ce ciwon ran Kawu. Duk sallah sai ya aiko da shadda, ya ce mutane suna cewa ba ya kula da ubansa. Kaka ya karɓa, ya sa masa albarka, ya ɗinka wa ladan ko mai gadin layi. Ya taɓa ce wa Kawu a gabana, kyan tufa ba tsadarta ba ne, a duba a ga hannun da ya yi ta. Kawu ya ce ai hannun ake gani, shi ya sa ake magana. Wata biyu suka yi gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Kawu ya taɓa saya masa keken ɗinki na kuran, mai aiki da lantarki. Kaka ya gwada sau ɗaya, ya ce wannan ba ya waƙa, gurnani yake, ya ɗora rediyonsa a kai. Tsohon kekensa na ƙafa shi ne kayan kiɗansa. Ranar Lahadi da la'asar tsohon Gudel yakan zo da molo, ya zauna a bakin shago yana kaɗawa, Kaka yana taka keke yana bin sa. In molo ya yi sauri, keke ya yi sauri. Akwai wandon da ya fito ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, don tsohon ya shiga wata doguwar waƙar masunta kuma Kaka ya ƙi tsayawa kafin a kai ƙarshenta. Hausar tsohon gurguwa ce, Zabarmancin Kaka ya fi ta gurgunta. Shekara arba'in suna abota, ban taɓa jin sun kai magana ɗaya ƙarshe da baki ba.

Abokin gabarsa ɗaya ne a duniya, leda. Baƙaƙen ledojin nan da iska ke rataya wa kowace ƙaya, hankakin Yamai yake ce musu. Ba ya karɓar saye a cikin leda, yana da jakar ƙyalle a aljihu. Gwangwanin tumatir a wurinsa tukunyar na'ana'a ce, ruwan alwalarsa kuma gindin zogale yake tafiya. Yakan ce duk abin da ƙasa ba ta ci, kada ka ba ta. Yadi ma haka. In ka kawo masa, sai ya zare zare ɗaya ya ƙyasta ashana. Auduga takan ci wuta ta zama toka mai laushi. Na roba yakan nannaɗe ya zama baƙin ƙulli mai wari.

A kan wannan muka yi babban faɗanmu. Sallar bara Inna ta saya mini wani yadi mai walƙiya wanda na yi sati uku ina yi mata naci a kansa. Na kai wa Kaka tare da hoton ɗinkin da nake so a waya. Bai ko dubi hoton ba, ya ƙyasta ashanarsa, zare ya nannaɗe.

"Amarya, wannan ba yadi ba ne. Leda ce da ta yi lakwal."

Na ce masa zamani ya wuce shi tun kafin a gina gada. Na kai wa wani matashin tela a bakin titi, kuma kwana tara ban kai wa Kaka kunu ba. Ranar sallah, a zafin Yamai, na dahu cikin rigar nan kamar dankali. Gumin da na yi ya isa a ba lambun Gudel ruwa. Kafin azahar zif ya fashe daga wuya har ƙugu, na dawo gida da mayafin ƙawata a baya. Kaka ya nuna mini ƙusa a bango da haɓarsa. Riga ce rataye, daidai jikina, shuɗaye iri-iri, daga mai duhu a ƙasa har mai haske a kafaɗa, kamar kogi da safe. Ya ɗinka ta ne a kwanakin da ba na yi masa magana. Da yamma ƙawayena suka tambaya ko daga Abijan aka kawo, na ce i. Ashe yana ji ta taga. Ya ce a gaya musu Abijan tana bayan ƙofar Iya, buhu na uku.

Bayan wannan sallar da 'yan makonni na ga likkafanin. Na shiga ɗakinsa da rana neman almakashi, na same shi ya shimfiɗa wani farin abu a gado yana ɗinki da hannu. Fari ne duka, amma fari iri-iri, akwai farin madara, akwai na ƙwai, akwai wanda ya ɗan yi launin gero, an jera su ƙanana-ƙanana, ɗinkin siriri har sai ka matso. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Nan take na ce ya ba ni in yi riga don bikin al'adu na makarantarmu. Ya ce yana da mai shi. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana tara shi, don farar auduga zalla ta yi wuya, kowa ya koma roba, shi kuwa ba ya son ya je ya kwanta cikin abin da ƙasa za ta tauna ta kasa haɗiyewa. Saura kaɗan ya cika. Ya linke, ya tura cikin matashi, ya ɗinke bakin.

Na tambaye shi me ya sa ni ya gaya wa.

"Kawunki zai yi gardama, Iyarki za ta yi faɗa. Ke kuwa rediyo ce. Kafin magariba Yantala duka ta ji, ranar da na mutu ba mai cewa bai sani ba."

Nan ya yi kuskurensa, ni ma na yi nawa. Abin ya ba ni tsoro. Na ga kamar in na faɗa zan jawo ranar kusa. Shi kuma da ya ji shiru, ina jin ya ɗauka kunya ce ta hana mutane yi masa zancen. A duk rayuwata sirri ɗaya na taɓa riƙewa, shi ne wanda aka ba ni don in watsa.

Ina kan buhu na ji ana cewa a kai ruwan wankan gawa. Lokaci yana tafiya. Inna ba za ta saurare ni ba, liman kuma yana tsakiyar maza. Saura Iya. Na ratsa ƙafafun mata da rarrafe, na durƙusa, na gaya mata komai a kunne, ba ƙari ba ragi. Ba ta daina jan carbi ba. Can ta tambaya ko matashin nan ne mai shuɗin baki. Na ce shi ne. Ta ce sau biyu tana ɗaukarsa za ta wanke, yana fizge shi kamar ta taɓa masa ƙwayar ido.

Iya ba ta taɓa kiran sunan Kawu ba, kuma ba ta yi masa magana kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. In tana son ya ci abinci, bango take gaya wa cewa tuwo yana hucewa. Amma ranar nan sai ta miƙe, ta tsaya bayan labule, daidai lokacin da Kawu ke wucewa ta tsakar gida.

"Kai. Ka buɗe matashin ubanka."

Kawu ya haura shekara hamsin bai taɓa jin "kai" daga bakinta ba. Ya tsaya kamar an kafa shi, sannan ya shiga ɗakin, ya musanya matashin da hannunsa, ya fito da shi zaure inda liman da dattawa suke. Ni na maƙale a bayan ƙyaure, ido ɗaya a tsaga. Tsohon Gudel ya ajiye salatinsa, ya ba da wuƙar lambunsa. Aka farke. Ga riga, ga zane, ga babban mayafin waje, suna ƙamshin kanumfari.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya ce ya ga aikin, amma mutanen biro suna hanya, za a ce da tsumma aka naɗe mahaifinsa alhali shi yana raye kuma yana da hali. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, roƙo yake. A nan na gane ba girman kai kaɗai ba ne. Shekara da shekaru yana saya wa ubansa tufa ba a sa ba. Wannan ce ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ce tsohon ba zai iya ba ladan ba.

Liman ya shafa mayafin, ya ce addini bai hana faci ba, kuma wasiyyar da ba ta saɓa ba cika ta ake yi. Abin da ake nema ya kasance mai tsarki, ya rufe jiki, ya zama halal. Sai dai ƙyallen tela, in ji shi, ba a san na wane ne ba, kuma ba za a kai bawan Allah kabari da kayan mutane ba.

Tsohon Gudel ya miƙe. Ya matso, ya ɗora yatsa a kan wani ƙyalle.

"Wannan nawa ne. Ni ya yafe, tun da daɗewa."

Mai gadin layi ya ce shi ma akwai nasa. Ladan ya nuna biyu. Daga tabarmin waje muryoyi suka fara shigowa, wannan ya ce ya yafe, wancan ya ce shi sau uku aka tambaye shi. Direban taksin nan ya ce shi har titi aka bi shi. Mata daga ciki suka aiko da nasu. Liman da kansa ya sunkuya, ya daɗe a kan wani ƙyalle a gefe, ya gyara murya ya ce wannan ya yi kama da ragowar rawaninsa, kuma ya tuna.

Aka kawo igiyar da aka auna Kaka da ita, aka gwada. Riga daidai, zane daidai. Babban mayafin ne bai kai ba, da kamar tafin hannu biyu. Daidai nan direba ya shigo da sabon yadi a kafaɗa, yana haki. Fuskar Kawu ta ɗan saki. Ya ce to a cike da wannan, kowa ya sami nasa. Dattawa suka ce madalla, wani har ya fara warware yadin. Tsohon Gudel ya miƙa hannu ya zare zare ɗaya, ya ce a ba shi ashana. Zaren ya nannaɗe ya yi baƙi. Warin ya zo har bayan ƙyaure inda nake. Direba ya rantse shi ne mafi tsada a rumfar.

Azahar ta matso, ba halin komawa kasuwa. Kawu ya dubi liman, ya dubi yadin, sannan ya dubi jikinsa. Ya kama gefen rigarsa ya zare zare ya miƙa wa tsohon. Aka ƙyasta. Toka ce mai laushi, tsohon ya murje ta a yatsa ya hura. Kawu ya ce a kawo almakashi. Ni na ruga, na san inda yake. Da na miƙa masa ya dube ni, amma ba duban ɗazu ba ne.

Ya yanke gaban rigar daga gefe zuwa gefe, a miƙe, ba alli. Ya zauna a tabarma, ya zare zare daga jikin yadin kamar yadda ake yi wa likkafani, ya sa a allura. Ban san Kawu ya iya ɗinki ba. Daga baya Inna ta ce a kan keken Kaka ya girma, har ya tafi lise, babbar sakandare. Ɗinkinsa siriri, ba ka bambanta shi da na Kaka. Liman ya tambaye shi a hankali ko ya yafe. Akwai zare a bakinsa, sai ya gyaɗa kai. Aka sake gwadawa da igiya.

Mata ba su zuwa maƙabarta. Daga bakin ƙofa na ga an fito da makara. Kawu yana gaba, kafaɗarsa a ƙarƙashi, rigarsa ta tsaya sama da gwiwa, zare yana lilo. Matarsa ta aika masa da wata, ya mayar. Mutanen biro suna bin baya cikin kwat, tsohon Gudel yana ƙarshe yana jan kekensa.

Na koma wurin Iya. Ba ta ɗago ba.

"Ya isa?"

"Ya isa, Iya."

"Har ƙafa?"

"Har ƙafa, da ragowar ɗauri."

Ta ce to. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Na zauna kusa da ita na riƙe mata carbin.

Allah ya jiƙan angona, ya sa ƙasar da ya yi wa ladabi ta karɓe shi da sauƙi.